Hawan Kilimanjaro ta Hanyar Marangu: Amsoshin Tambayoyin 'Yan Uwa Mazauna Legas

Tun da na dawo daga Tanzaniya ban huta da tambayoyi ba. A ƙofar masallacin unguwarmu a Agege, a teburin mai shayi, a shago, har da kiran waya daga Idi-Araba da Alaba Rago, duk saboda hoto ɗaya da aka gan ni tsaye kusa da ƙanƙara fuskata a naɗe. Mu huɗu muka yi tafiyar: ni da ƙanena, da wani abokin kasuwancina, da wani dattijo dillalin albasa a Mile 12 wanda ya ba shekara hamsin da biyar baya. Na ga gara in tattara tambayoyin wuri guda in amsa su a tsanake, domin amsar tsaye a bakin titi ba ta isar wa mai niyyar zuwa.

Wai ina ne dutsen yake, kuma mene ne hanyar Marangu?

Kilimanjaro yana arewa maso gabashin Tanzaniya, dab da iyakar Kenya, garin Moshi kuma yana gindinsa. Shi ne dutse mafi tsawo a Afirka, mita 5,895 daga saman teku. Tsohon dutse ne mai aman wuta, yana da kawuna uku: Shira, Mawenzi da Kibo, kuma a kan Kibo ƙololuwar da ake kira Uhuru take. An mayar da shi gandun ƙasa a 1973, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987.

Hanyoyin hawansa suna da yawa, akwai Machame da Lemosho da Rongai da sauransu, amma a dukkansu cikin tanti ake kwana. Marangu ce kaɗai take da ginannun masaukai, sai ka tashi daga wannan ka yada zango a na gaba, kamar yadda fatake suke yi a zamanin da. Zangunan uku ne: Mandara a kusan mita 2,700, Horombo a mita 3,720, sai Kibo a kusan mita 4,700. Mandara da Horombo sunayen tsofaffin sarakunan Chagga ne, ƙabilar da ke noman ayaba da kofi a gindin dutsen. Tafiyar duka, hawa da sauka, kimanin kilomita 70 ce.

Sai da igiya da ƙugiya ake hawa?

A'a. Tafiyar ƙafa ce tun daga ƙofar gandun har ƙololuwa. Babu inda za ka rataye a jikin dutse. Sanda biyu ta dogarawa da takalmi mai kyau sun isa.

Kwana nawa ake yi, kuma yaya kwanakin suke tafiya?

Ana sayar da tafiyar kwana biyar, ana sayar da ta kwana shida. Ka ɗauki ta shida, ko da kuɗin ya ƙaru. Zan faɗi dalili a ƙasa.

Ranar farko daga ƙofar Marangu, wadda ke kusan mita 1,860, ake ratsa kurmi zuwa Mandara, kilomita takwas cikin awa huɗu ko biyar. Kurmi ne na gaske, bishiyoyi sun haɗe sama, gansakuka ta lulluɓe rassa tana reto kamar gemun tsoho, ƙasa a jiƙe. Rana ta biyu kurmin yana ƙarewa farat ɗaya, sai ka fito fili mai gajerun itatuwa da ciyawa, ka yi kilomita goma sha biyu zuwa Horombo. A nan ne mutum yake fara ganin gajimare a ƙarƙashinsa. Na tsaya a bakin barandar ɗakin cin abinci da la'asar ina kallon farin hadari shimfiɗe kamar audugar da aka baza a shanya, da dare kuma ya yaye sai ga fitilun Moshi can ƙasa suna ƙyalli. Rana ta uku hutu ce, amma ba a kwanciya, ana hawa zuwa wasu duwatsu masu zanen baƙi da fari kamar jikin jakin dawa, a kusan mita 4,000, a dawo Horombo a kwana.

Rana ta huɗu ake shiga hamada. Akwai wani allo a bakin hanya da ke sanar da kai cewa nan ne ruwa na ƙarshe, daga nan sai fili fetal na tsakuwa da baƙaƙen duwatsu tsakanin Mawenzi da Kibo, babu inuwa, babu ciyawar kirki, iska tana kaɗawa. Kana hango masaukin Kibo tun da sauran awa biyu ka isa. A can ake cin abinci da wuri, a kwanta, a tashe ku wajen sha ɗayan dare. Tsakar dare ake kama hanyar ƙololuwa da fitilar goshi, hawan kusan mita 1,200 a kan tsakuwa mai zamewa, awa shida zuwa takwas. Ana isa bakin ramin aman wuta da ke saman Kibo, wurin da ake kira Gilman, wajen fitowar rana, sai a bi gefen ramin awa ɗaya da rabi ko biyu zuwa Uhuru. A ranar kuma ake saukowa har Horombo. Rana ta shida a gangara kilomita ashirin zuwa ƙofa.

Yaya masaukan suke? Akwai banɗaki da wuta?

A Mandara da Horombo ƙananan ɗakunan katako ne masu rufi mai tsini da ya sauko kusan ƙasa, a ciki gadaje na hawa biyu da katifa, mutum huɗu ko fiye a ɗaki. Fitila ta hasken rana ce. Akwai babban ɗakin cin abinci, akwai bayan gida mai ruwa. Kibo kuwa ginin dutse ne mai manyan ɗakuna da ake kwana da yawa, sanyinsa yana shiga ƙashi, kuma babu rafi a kusa, duk ruwan da za ka sha a can a ka aka ɗauko shi daga ƙasa. Bargo ba a bayarwa, kowa da jakar barcinsa. Wanka kuma ka manta da shi sai ka sauko. Safe da yamma ana kawo maka ruwan ɗumi a ƙaramar roba ka wanke fuska da hannu. Sanyi yana shanye cajin waya, saboda haka ka riƙe batirin ajiya, ka kwana da wayar a aljihun ciki.

Ni da nake zaune a Legas, jikina zai iya kuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma mu mazauna Legas ta fi shafa. Muna zaune ne daidai da teku, inda iska ta fi ko'ina kauri. Wanda ke Jos yana kan mita 1,200, na Mambila ya fi haka, dutse mafi tsawo a Najeriya kuma, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ke nan tun daren farko a Mandara ka riga ka kwana sama da kowane wuri a ƙasarmu. A ƙololuwa, iskar da kake samu a numfashi ɗaya kusan rabin wadda kake samu a Obalende ce.

Jiki yana sabawa da wannan, amma a hankali: numfashi ya ƙaru, bugun zuciya ya ƙaru, ƙoda ta gyara jini. Ba a gaggauta shi, kuma ƙarfin damtse ba ya saye shi. Ƙanena ɗan ƙwallo ne, duk Asabar yana fili. Rana ta biyu ya riga mu isa Horombo da kusan awa guda, muka same shi zaune yana shan shayi. Jagoranmu ya kira shi gefe ya yi masa magana, ni ma na ce, "Ƙanena, ka bi a hankali, dutsen nan ba ya gudu." Ya ce, "Yaya, ni fa ban ji komai ba." A daren Kibo ciwon kai ya kama shi, ya yi amai sau biyu, kuma a wani kogo da ke tsakiyar hawan ƙarshe ƙafarsa ta fara harɗewa, dole mataimakin jagora ya juya da shi. Alhaji mai albasa kuwa kullum shi ne na baya. Taku ɗaya, numfashi ɗaya, carbinsa a cikin safar hannu. Da hantsi ya dafa allon Uhuru.

Kalmar da za ka fi ji a dutsen ita ce "pole pole", wato sannu sannu da Swahili. Mu ma muna da ita tun kaka da kakanni: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Shi ya sa na ce a ɗauki kwana shida. Wannan ƙarin kwanan a Horombo shi ne yake ba jini lokacin da yake nema, kuma galibin waɗanda ke juyowa a hanyar Marangu masu gajeren zango ne.

Yaya zan gane ciwon tsauni, kuma yaushe ya zama haɗari?

Ɗan ciwon kai, rashin son abinci, barci a yanyanke, waɗannan kusan kowa yana samu sama da mita 3,500. Ka faɗa wa jagora, ka sha ruwa, kada ka ƙara hawa har sai ya lafa. Na haɗari iri biyu ne. Ɗaya ruwa ne yake taruwa a huhu: mutum yana haki ko yana zaune, tari mai kumfa, ƙirji yana kurari. Ɗayan kumburin ƙwaƙwalwa ne: tafiya kamar ta mashayi, magana ba kan gado, yawan gyangyaɗi. Dukkansu suna iya kisa cikin sa'o'i, maganinsu kuma sauka ne nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai gadon ɗaukar marar lafiya mai taya ɗaya da ake gangarowa da mutum a kai.

Ina roƙon 'yan uwa, kada a ɓoye ciwo don kunya ko don an kashe kuɗi. Mun saba da dauriya, mun saba da "ba komai", amma a can wannan kalmar tana iya cin ran mutum. Akwai ƙwayar da ake kira Diamox da ke taimaka wa jiki sabawa, tana sa yawan fitsari da ɗan tsikarin yatsu. Likita ne zai rubuta maka ita bayan ya duba ka, kada ka saya a kemis don wani ya ce ya sha.

Mai sikila fa, ko mai AS?

Wannan ba za ka cika jin ta daga kamfanonin yawon buɗe ido ba, domin yawancin baƙinsu Turawa ne, amma mu ta shafe mu ƙwarai: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. Mai SS ko SC kada ma ya fara. Mai AS kuwa, wanda a Legas lafiyarsa ƙalau, ƙarancin iska a sama yana iya lanƙwasa ƙwayoyin jininsa su toshe saifa, sai ciwo mai tsanani ya taso a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Rashin ruwa a jiki da wahala suna ƙara haɗarin. Ka yi gwajin jini tun kafin ka biya ko kwabo, ka kai wa likita sakamakon, ka gaya masa tsawon da za ka hau da lamba. Haka mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma da mai ciwon zuciya.

To a ina zan yi atisaye a garin da babu ko tudu?

Matakala. Benen da kake aiki a ciki, gadojin tsallaka titi na Oshodi da Ojota, matakalan filin wasa na Surulere in an samu shiga. Ka sa lita biyar ta ruwa a jakar baya ka yi ta hawa da sauka. Ranar Asabar da asuba ka yi doguwar tafiya ta awa huɗu ko biyar, a yashin bakin teku in da hali, cikin takalmin da za ka je da shi, domin sabon takalmi a dutse kanta ne da ƙuraje. Wata uku ana haka ya wadatar. In ka samu dama ka je Idanre a jihar Ondo, matakalansa sun haura 600, ko Olumo a Abeokuta. Duk wannan ƙafa da gwiwa yake gyarawa. Sabo da siririyar iska sai a can.

Waɗanne dabbobi ake gani? Babu zaki ko damisa a hanya?

Babu zaki a wannan hanya, ka kwantar da hankalinka. Giwa da ɓauna suna can ɓangaren arewa da yamma na dutsen, wajen da ke fuskantar dajin Amboseli na Kenya. Damisa tana cikin kurmin, sai dai ita ce ke ganinka ta ɓuya. A 1926 an tsinci gawar wata damisa a daskare kusa da bakin ramin Kibo, har yau ana kiran wurin da sunanta.

Abin da za ka gani da idonka ya danganta da yadda kake tafiya. A kurmi akwai biri iri biyu. Na farko toka-toka ne mai duhu, ba ya tsoron mutane sosai, yakan zauna a reshe kusa da hanya yana tsinkar 'ya'yan itace. Na biyu shi ne kolobus, baƙi wuluk da farin gashi mai tsawo da ya zubo daga kafaɗunsa kamar alkyabba, jelarsa fara tas mai kauri. Ganye yake ci, ba shi da babban yatsa a hannu, kuma da wuya ya sauko ƙasa. Kusa da Mandara muka same su. Da farko motsin reshe kawai na ji, sai Alhaji ya riƙe mini hannu ya nuna sama da haɓa. Guda biyar ne, ɗaya tana rungume da jariri fari fat, domin farare ake haifarsu, daga baya launin ya sauya. Babban ya dube mu, ya yi tsalle daga wannan bishiya zuwa waccan, farin gashin ya buɗe a iska kamar an ɗaga mayafi. Wata tawaga ta wuce mu a lokacin da sauri, waƙa tana tashi daga wayar ɗayansu, ba wanda ya ɗaga kai a cikinsu. Da dare a Mandara za ka ji wani ƙara mai firgitarwa daga cikin itatuwa, remar bishiya ce, 'yar uwar remar da muka sani a duwatsun Arewa. Akwai kuma wani koren tsuntsu mai tukku wanda in ya buɗe fiffike sai ka ga ja jawur, da hawainiya, da gada in kana da rabo.

Daga Mandara zuwa sama manyan dabbobi suna ƙarewa, sai tsirrai su karɓi ido. Akwai wata bishiya da ba ta kama da komai da na sani, doguwa kamar gangar jikin giginya, a kanta curin ganye kamar kabeji. Matattun ganyenta ba sa faɗuwa, suna manne a jikinta su zama mata bargo. Wata tsirar kuma da dare take rufe ganyenta ta kare tsakiyarta daga ƙanƙara, da safe ta buɗe, domin a wannan tsawo rana tana ƙuna da tsakar yini, dare kuma ruwa yana daskarewa, kowace rana ta Allah. A kan furanninta ake ganin ɗan tsuntsu mai sheƙin kore da dogon baki yana shan zaƙi.

A Horombo abokan zama biyu ne. Akwai ɗan ɓera mai zane huɗu a gadon baya, yana yawo ƙarƙashin tebura da rana tsaka. Akwai kuma hankaka, amma ba irin namu ba: ya fi girma, bakinsa kakkaura, farin kuma a ƙeya yake maimakon ƙirji. Wayonsa ya kai ya jira ka juya baya ya ɗauke ƙwai daga cikin guzurinka. Kada ka ba su abinci, dokar gandun ta hana, kuma yana lalata su. Sama da Horombo rai yana ja baya, sai gizo-gizo a ƙarƙashin dutse da busasshiyar gansakuka, sai hankakan nan da ke bin mutane har Kibo.

Da gaske ƙanƙara ce a sama, a tsakiyar Afirka?

Da gaske. Lokacin da wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ganinta a 1848, masana a Ingila ƙaryata shi suka yi. Sai a 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwa. Sunan Uhuru, wato 'yanci, ya samo asali ne daga samun mulkin kan Tanganyika, tsohon sunan babban yankin Tanzaniya, a 1961. Ƙanƙarar tana tsaye kamar katangar bene, fara da shuɗi-shuɗi, amma tana ƙarewa: fiye da kashi 80 cikin ɗari na wadda aka auna a 1912 ta tafi. Jagoranmu ya nuna mini fili na baƙar ƙasa ya ce lokacin da ya fara dako yana saurayi, nan duk ƙanƙara ce.

Wane irin kaya zan tanada, kuma a ina?

A daren ƙololuwa sanyi yana kaiwa digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili, mu kuwa a Legas da wuya mu ga ƙasa da 20 a sama da shi. Ko hunturun Jos ko na Kano ba su kama ƙafarsa ba. Sirrin shi ne kaya hawa-hawa: na ciki mai kama jiki wanda ba auduga ba, domin auduga tana riƙe gumi ta sanyaya ka, sai rigar ulu, sai jibgegiyar rigar sanyi, sai ta ruwa a waje. Safar hannu biyu, hular sanyi mai rufe kunne, tabarau mai duhu, man kare fata daga rana, man leɓe. Rawani ko hirami yana da amfani ƙwarai wajen tare ƙura da iska. Yawancin kayana a gwanjon Katanguwa da ke Abule Egba na haɗa su, kuma sun yi aiki. Jakar barci da sanduna a Moshi ake haya. Takalmi kaɗai nake cewa kada a yi masa rowa. Ka sani kuma Tanzaniya ta hana shiga da leda tun 2019, a dutsen ma ba a yarda da robar ruwa ta yarwa ba, sai gora mai ɗorewa.

Sallah da abinci fa?

Musulmi suna da yawa a Moshi, akwai masallatai, cikin 'yan dako ma za ka samu masu sallah. Ka gaya wa kamfanin tun da wuri cewa naman halal kake so. Mai dafa abinci yana tafe da ku: kunu da ƙwai da burodi da safe, miya mai zafi, shinkafa, taliya, dankali, wani lokaci ugali, wanda tuwon masara ne sak. Kuna isa zango ana kawo shayi da gugguru. Ni na tafi da dabino, gyaɗa, zuma da yaji, kuma yajin nan ya cece ni a Kibo lokacin da bakina ya daina jin ɗanɗanon komai. Ruwa lita uku zuwa huɗu ake sha a yini, don haka kada ka sa tafiyar cikin watan azumi.

Abu ɗaya da ya kusa rikita mu: alƙibla. Mun saba da fuskantar gabas, amma daga Kilimanjaro Makka tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama saboda tsananin sanyi, ka zauna da malaminka kafin tafiya ya warware maka. Mun yi sallar asuba a bakin ramin Gilman a kan tsakuwa, da takalma da safar hannu, gabas ta yi ja a bayan Mawenzi. Harshensu ma ba zai yi maka baƙo sosai ba: asubuhi, habari, dunia, Alhamisi, duk kunnen Bahaushe yana kama su.

Mace za ta iya zuwa?

Ƙwarai, mata da yawa suna hawa, har da masu hijabi, akwai ma mata jagorori. Hajiya, abin da za ki nema tun wajen biya shi ne a ware muku ɗaki ke da abokan tafiyarki a Mandara da Horombo. A Kibo ɗakunan na taro ne, sai dai 'yan sa'o'i kawai ake yi a ciki, kowa da kayansa a jiki. Yara kuwa sai sun kai shekara 10.

Nawa ake kashewa, kuma yaya batun biza da jirgi?

Doka ta hana hawa ba tare da jagora mai lasisi ba, don haka ta hannun kamfani ake bi. Kuɗin hukumar gandun kaɗai, a lokacin da muka je, dala 70 ne kowace rana, dala 60 kowane dare a masauki, dala 20 na ceto, ga haraji a kai. Na kwana shida ya haura dala 800 tun ba a yi maganar abinci da albashin ma'aikata da mota ba. In ka ga wanda ya yi maka farashi dab da wannan adadi, to daga cikin 'yan dako zai cire ribarsa.

Daga Legas ana bi ta Addis Ababa ko ta Nairobi a sauka a filin jirgin Kilimanjaro, tsakanin Moshi da Arusha. Mai fasfon Najeriya ya nemi biza tun daga gida ta intanet, da wuri sosai, kada ya dogara da samu a filin jirgi, kuma kada ya yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai ta fito. Katin rigakafin shawara dole ne. Akwai sauro a Moshi, a kan dutsen babu. Lokaci mafi kyau shi ne Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, Nuwamba ma ana ruwa.

Su wane ne 'yan dakon, kuma me ya kamata in ba su?

Mu huɗu, mutum goma sha huɗu ne suka raka mu. Duk wanda ya san Mile 12 ya san dako, da yawanmu ma da shi muka fara a garin nan, don haka ba sai an yi mana dogon bayani ba. Suna tashi bayanku, su wuce ku a hanya da kaya a ka, ku isa ku tarar da ruwan zafi. Ƙa'ida ita ce kada kayan mutum ɗaya ya wuce kilo 20, ana kuma aunawa a ƙofa. Ka tambayi kamfani nawa yake biyansu, sau nawa suke cin abinci a yini, ina suke kwana. Na ga wani yaro daga wata tawaga a filin hamadar nan da takalmin roba da 'yar rigar sanyi guda, leɓensa ya tsage. Alhaji ya tsayar da shi, ya ce, "Yaro, zo nan," ya ciro safar hannunsa ta ajiya da dabino ya ba shi. Yaron bai ji Hausa ba, amma ya karɓa da hannu biyu.

Kyautar sallama al'ada ce mai ƙarfi a can, kuma wani babban ɓangare ne na abin da suke kaiwa gida. Ku sa ta cikin lissafi tun daga Legas. Ku tara ta, ku faɗi adadin a gaban kowa, ku miƙa wa kowane mutum nasa a hannunsa. Kayan sanyin da ba za su yi maka amfani a Agege ba, ka bar musu.

Saukowa ba ta da wahala, ko?

Tana da ita, gwiwa da yatsun ƙafa ne suke biya. Ranar ƙololuwa za ka yi awa goma sha biyu zuwa sha biyar a tsaye, washegari kuma kilomita ashirin na gangara. Ka yanke farce kafin tafiya, ka ɗaure takalmi tamau a idon sawu, ka dogara da sanduna. Amma numfashi yana dawowa da kowane taku, yunwa ma ta dawo, kuma kurmin da ka ratsa ranar farko za ka sake ratsa shi, ga dama ta biyu ta ganin kolobus. A ƙofar Marangu ake sa hannu a littafi a karɓi takardar shaida, koriya ga wanda ya kai Gilman, mai ruwan zinariya ga wanda ya kai Uhuru. Kada ka sa jirgin komawa a ranar. Ka kwana ɗaya a Moshi, ka yi wanka da ruwan zafi, ka ci abinci. Ƙanena a Horombo muka same shi, ya warke sarai tun da ya sauko mita dubu, kuma ya riga ya tambayi jagoran ko akwai wuri a Satumba mai zuwa, wannan karon da ƙarin kwana biyu.